Jan Kunun Inna Zuhura

Shekaranjiya jikata ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da harshe ja jawur, tana tsotsar wani ƙullin ruwan zaƙi na leda da ake sayarwa a bakin ƙofarsu, nan Tasawa. Na fizge ledar na wurga bayan katanga. Yarinya ta sa kuka, uwarta ta fito tana cewa, "Haba Baba, kowa fa sha yake, kai dai ka cika faɗa." To, na cika. Shekara talatin da huɗu na yi riƙe da alli, ai dole faɗa ya zauna mini a baki. Amma faɗan ranar ba da yarinyar nake ba, ba kuma da mai sayarwa ba. Akwai wata mata da ke faɗo mini a rai duk sa'ad da na ga jan harshe a bakin yaro, kuma ban taɓa ba 'ya'yana labarinta ba, domin labarin bai yi mini kyau ba.

Sunanta Zuhura. Na iske ta a wani ƙauye arewa da Mayahi, kan hanyar Alasan Mairairai, inda aka kai ni aiki ina ɗan shekara ashirin da biyar. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanen suna da jikoki. Lakwal ɗin kalas biyu ne na laka, ni ne diraktar, wato shugaba, ni ne mushe, wato malamin aji, ni ne mai makullin ɗakin ajiyar abinci. Muna da kantin, wato gwamnati na ciyar da yara safe da rana, saboda da yawansu daga rugage da ƙananan ƙauyuka suke zuwa a ƙafa. Mai dafa abincin ita ce Zuhura. Yara suna ce mata Inna, ni ma na bi sahu, ita kuwa ba ta taɓa kirana da komai ba sai Mushe.

'Yar dukawa ce. Ubanta, Ƙadri, fata yake rinawa yana ɗinka jaka da linzami, uwarta kuma ita ke shuka karan dafi a gefen gona. Yaran yanzu ba su san shi ba, sai ka ce musu dawa ce wadda ba don hatsinta ake shuka ta ba, don jan ganyen da ke lulluɓe da karan ne. A ɓare ganyen, a shanya, a ɗaure dami. In aka tafasa shi da ɗan kanwa sai ruwan ya yi ja. Dukawa na rina fata da shi, mata kuma na dama kunu da ruwan su ba mai jego da wanda ya tashi daga ciwo, suna cewa yana ƙara jini. Zuhura da wannan ta tashi. A wurinta jan nan ba ado ba ne, shi ne maganin kansa.

An aurar da ita ga wani mai haƙar rijiya, Dikko, suka haifi biyu, Mamudu da Lauratu. A yunwar saba'in da uku Dikko ya ɗauki igiyarsa ya yi kudu, ya ce zai aiko da hatsi. Bai aiko ba, bai dawo ba, ba a kuma ji mutuwarsa ba. A wannan ranin ƙyanda ta shigo gari ta iske yara ba ƙarfi. Ta tafi da Mamudu, bayan kwana tara ta tafi da Lauratu. Sau ɗaya tak Zuhura ta yi mini maganar, tana kankare tukunya, ba ta ko ɗago kai ba.

"Tafin hannunsu fari fat ya yi, Mushe," in ji ta. "Na zagaya garin nan gida-gida ina neman karan dafi ko tsinke guda, ban samu ba. Shekarar bai yi ba. Da na samu na dama musu, da wataƙila suna nan."

Ban yi mata gardama ba. Wa zai yi?

'Yan'uwanta sun so ta je gaban alƙali a raba auren ta koma gida, ta ƙi. Ta ce in Dikko ya dawo ya iske gidan ba kowa, wa zai ba shi ruwa? Haka ta zauna ita kaɗai a ɗakinta, can ƙarshen gari, bayan dangar lakwal, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Ba a kiranta shawarar biki, ba ta da sa'a a cikin matan garin, tunda ba 'yar garin ba ce. Bayan sojoji sun karɓi mulki aka buɗe kantin, mai gari ya ce a ba ta aikin, don ita ce ba ta da miji da za ta dafa wa. Tun daga ranar ta samu mutane. Yara saba'in ne, kuma ta san wanda ke cin barkono da wanda ba ya ci.

Tana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba ni haushi da farko, saboda tana cinye mini lokacin karatu. Kowace safiya in yara sun yi layi da kwanoninsu, sai ta kama hannun kowane ta buɗe tafin ta duba, ta ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa. Wanda ta ga ya yi fari, ludayi biyu. Na ce mata, "Inna, ke likita ce?" Ta ce, "A'a, Mushe, ido gare ni." Daga baya na daina magana, na mayar da bugun ƙarfen shiga kalas baya kaɗan.

Abincin da ake kawo mana garin taimako ne a buhu, da madarar gari. Garin launinsa toka-toka, warinsa na jiƙaƙƙen buhu. In aka dama shi haka nan yara ba sa sha. Iyayensu ma sun cika musu kunne cewa farin garin Nasara zawo yake sawa. Zuhura ce ta gano dabara. Da asuba ta tafasa karan dafinta, cikin hannu biyu ga rabin tano, wato gangar ƙarfe, ta tace, ta dama garin da jan ruwan, ta sa tsamiya. Sai kunu ya fito ja kamar wanda ake yi wa mai jego a gida. Yara su sha har su lashe kwano. Anspektar mai duba makarantu ya taɓa zuwa ya yaba mini a takarda, wai na iya tafiyar da kantin. Na karɓi yabon ban ambaci sunanta ba, kun fara ganin irin mutumin da nake.

Karan dafin nata ne, a ɗan filin bayan ɗakinta take shukawa, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya biya ta. Dami uku ke kai ta shekara.

Sai aka shiga tamanin da huɗu. Wanda ya ga shekarar ba sai an ba shi labari ba. An yi shuka sau uku, sau uku tana ƙonewa. Gero bai kai gwiwa ba. Shanu suka zube a bakin rijiyoyi, iyakar kudu kuma a rufe, balle a ce hatsi zai hauro. Karan dafin Zuhura ya tsiro tsawon yatsa ya bushe. Da muka koma lakwal bayan damina saura rabin dami gare ta na bara. Ta riƙa tsimi, kunun na komawa ruwan hoda, har ranar da ta zazzage ƙurar ƙarshe ta dama fari.

Yara suka ƙi sha. Yaran da suka kwana da yunwa fa. Su kurɓa ɗaya su ajiye, wasu su faki ido su zuba wa awaki a bayan rumfa. Na daka musu tsawa, na ɗauko bulala, a banza. Zuhura tana bin layi tana duba tafin hannu. Na ga tsoro a fuskarta wanda ban taɓa gani ba, na kuma san shekarar da take tunawa.

Ana cikin haka wata mota ta sojoji ta tsaya a bakin danga. Wani ajidan ne, ƙaramin hafsan soja, daga Mayahi, yana zagayen duba kayan taimako. A zamanin nan maganar abincin taimako ba wasa ba ce, a kanta ake ɗaure mutum. Ya zagaya bayan rumfa ya ga farin kunu a ƙasa, awaki na lasa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da Faransanci, kantin da ake zubar da abinci rufe shi ake yi, diraktansa kuma ya je ya yi bayani inda ake yi. Ya ce zai dawo. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba na nufi rumfa.

"Inna," na ce, "ki yi duk yadda za ki yi kunun nan ya koma ja. Ban damu da ko mene ne ba."

"Mushe, babu shi ko'ina. Na tambaya har wurin dukawa."

"In aka rufe kantin, ni a kai ni wani wuri, ke fa?"

Wannan maganar da gangan na yi ta, na san inda za ta soke ta. Ta ci gaba da tura itace a murhu.

Ranar kasuwar Mayahi ta tashi tun da sauran duhu ta tafi a ƙafa. Washegari ta kira ni bayan rumfa ta kwance bakin zanenta. Wani ɗan gwangwani ne, ba rubutu ko ɗaya a jikinsa, cike da gari mai duhu yana ƙyalli. Ta ce wani mai tebur ne ya sayar mata, cikin kayan da ake shigowa da su ta daji. Ya ce mata karan dafin Turawa ne, sun tatse jan sun mai da shi gari, da shi masu alewa ke aiki. Ta lakato da yatsa ta sa a ruwan kwano, nan take ruwan ya yi ja fiye da duk jan da na taɓa gani.

Na karɓi gwangwanin, na juya shi, na shinshina. Ni ne mai ilimi a garin nan, ni na yi karatu a Maraɗi. Na san abin da ba rubutu a jikinsa ba a zuba shi a cikin yara. Na miƙa mata na ce, "To, sa."

Ga inda kuskuren ya ƙara girma. Mai alewa kan tsinke yake sa wa tukunya. Zuhura ba ta san awon wannan gari ba, awon karan dafi ta sani, kuma a iliminta iya jan kunu iya jinin da zai ƙara. Yaran kuwa sun fi kowace shekara fari. Sai ta riƙa zubawa da cokali, tana ƙarawa. Kunu ya fito ja har yana ɗaukar ido, yara suka yi ihu suka shanye tas. Na tsaya ina kallon kwanoni ba ko ɗigo, na ji sanyi a raina. Awaki ne kaɗai suka yi asara.

Kwana huɗu ko biyar sai kalas ya gagare ni. Yaran da a da suke gyangyaɗi a kan benci saboda yunwa, yanzu ba mai iya zama. Wannan ya hau taga, wancan ya shiga ƙarƙashin tebur. In na juya ina rubutu a allo, kafin in juyo an kaure da dambe. Abin dariya kaɗan su yi ta yi ba tsayawa, abin kuka kaɗan su yi ta birgima. Wani ya ciji ɗan'uwansa a kafaɗa a kan guntun alli. In na tambayi yaro biyu da biyu, yana kallona yana kaɗa ƙafa, hankalinsa na can waje. Harshensu ja, leɓɓansu ja, har gaban riga. Bulalata ta karye a mako na biyu.

Zuhura kuwa murna take. Ban taɓa ganinta haka ba. Ta tsaya bakin rumfa da muciya a hannu tana kallonsu suna tsere a fili da tsakar rana, tana dariya ita kaɗai.

"Ka gani, Mushe? Jini ya dawo. Dubi yadda suke gudu. Wanga abu ya fi namu ƙarfi."

Na ce mata gudun ya yi yawa. Ta ce yaro mai lafiya ai da gudu aka san shi, bara war haka wa ke iya ɗaga ƙafa? Ta ƙara cokali guda a washegari.

Iyaye mata ne suka fara magana. Wai yara ba sa barci, suna ta juyi suna surutai. Sai wata ta ga fitsarin ɗanta ja. Ta gaya wa maƙwabciya, ita ma ta duba ta gani. Kafin la'asar gari ya ɗauka, yara na fitsarin jini. A ranar kuma A'i, 'yar Ɗan Malam limamin gari, ta tashi jikinta ya yi rudu-rudu, idanu sun kumbura, tana susa tana kuka. Ba wanda ya ce wataƙila wani abu ne a cikin kunu. Abin da aka ce shi ne, matar da 'ya'yanta biyu suka mutu kwana tara tsakani, mijinta ya ɓace, kullum tana buɗe idon 'ya'yan mutane tana leƙawa, me take nema a ciki? Shekara goma tana duba musu yara suna godiya, rana ɗaya dubawar ta zama shaida. Ba su faɗi kalmar a gabanta ba, amma kowa ya san mayya suke nufi.

Mai gari ya aika Mayahi. Ajidan ya dawo, tare da majo, wato babban ma'aikacin likita. Aka taru a ƙofar mai gari da hantsi, maza a kan tabarmi, mata a tsaye daga baya. Aka zaunar da Zuhura a ƙasa a tsakiya, gwangwanin a gabanta. Majo ya zuba kaɗan a ruwa, ya tsoma farin ƙyalle ya ɗaga, ya nuna wa jama'a. Ya ce wannan galura ce, ta rina kaba da zare, ba ta ciki ba. Ya ce jan fitsarin ba jini ba ne, rinin ne ke fita. Ya ce ko launin da aka yi don abinci ma, ba a ɗura wa yaro shi haka kullum. Ya duba A'i ya ce za ta warke, kuma ta warke. Mutumin kirki ne, ya yi ƙoƙari ya wanke ta daga maganar maita, amma mata a baya ba sauraronsa suke ba.

Ajidan ya juyo gare ni. Ya yi tambayar da Hausa, don kowa ya ji.

"Diraktar, ka san da gwangwanin nan?"

Na tuna uwata a Tasawa da ƙannena da ke jiran albashina, na tuna waɗanda aka tafi da su a irin motar nan. Ina faɗar wannan ba don ya wanke ni ba, don dai ku san abin da ke kaina. Na ce, "Ban taɓa ganinsa ba."

Zuhura ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce, kallon da take yi wa tafin hannun yaro ne. Sannan ta mayar da kai ƙasa.

"Ranka ya daɗe, Mushe bai sani ba," ta ce. "Ni na sayo, ni na sa. Na ɗauka magani ne."

Ba a ɗaure ta ba, majo ya roƙa mata. Aka ce daga ranar ta bar aiki, kada ƙafarta ta sake taka cikin dangar lakwal, kada ta ba ɗan kowa abin ci. Ta ce to. Ta nemi izni ta ɗauko muciyarta a rumfa, aka ce wani ya miƙo mata ta kan danga.

Mutane sukan tambaye ni, da gaske rinin ne ya birkita yaran? Majo ya ce yana iya yiwuwa. Ni dai na ga abin da na gani a kalas, kuma da aka daina suka lafa. Amma da aka daina ai sun daina sha ma, kuma yaro mai jin yunwa ba ya hawa taga. Har yau ban raba wannan da wancan ba. Abin da na sani tabbas shi ne, an ɗauki wata mata, Maryamu, ta riƙa dama kunun fari, yara suka yi kwana goma suna ƙi, sannan yunwa ta ƙara tsanani a gida suka fara sha, suka ci gaba da sha. Da na yi haƙurin kwana goma, da ba a yi komai ba. Wannan ne ke ci mini rai har yanzu.

Bayan kwana uku da zaman na je gidanta da la'asar. Tana zaune bakin ƙofa tana tsince ƙasa cikin wani ɗan hatsi. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na yi ta jira ta ce mini wani abu, ko da zagi ne, in samu sauƙi. Sai ta tambaye ni ko A'i ta warware, ko an tuna cewa ɗan Fulanin nan ƙarami ba ya shan mai zafi sai an fifita masa. Na kasa zama. Da zan tashi, don dai in samu abin faɗa, na ce, "Inna, ki yi haƙuri. In abin ya lafa zan aiko a kira ki."

Fuskarta ta washe. "Za ka aiko, Mushe?"

"Zan aiko."

"To, ina nan."

Ɗakinta taku talatin ne daga danga. Tana jin bugun ƙarfe, tana jin ƙarar kwanoni, tana jin yara na rera ƙidaya. Iyaye sun gargaɗe su, don haka in za su wuce ta ƙofarta da gudu suke wucewa, su kau da kai. Yaran da ta sani tun ba su iya ɗaure wando ba. A rijiya mata su matsa su bar mata fili, ba gaisuwa, ba faɗa. Daga tagar kalas ina hango ta kowace safiya. In aka buga ƙarfen kunu sai ta fito ta tsaya daga nesa, ta sa hannu a goshi tana bin layin da ido. Daga can ba ta iya ganin tafin hannun kowa. Na mayar da teburina ɗaya gefen don in daina ganinta.

Damina ta gaba Allah ya kawo ruwa. Zuhura ta yi tafiyar kwana biyu zuwa garinsu ta samo irin karan dafi wurin danginta. Kowa na rububin shuka gero bayan shekarar yunwa, ita ta shuke filinta kaf da abin da ba a ci. Aka ce ta zare. Da kaka, ranar da muka koma lakwal, sai ga ta bakin danga da dami a ka. Ba ta shigo ba, ta tsaya daidai inda aka ce ta tsaya, ta jira har na fito.

"Wanga na gaskiya ne, Mushe," ta ce, ta ɓare ganye ɗaya ta miƙo mini. "Ka murza ka gani. Na gonata ne, ba na kasuwa ba."

Na murza, ya bar mini ja a yatsa. A lokacin takardar canjin wurin aikina tana cikin aljihuna, ni na roƙa aka mayar da ni Baudeta, kusa da gida. Na ce, "Ajiye shi tukuna, Inna, lokaci bai yi ba. Zan aiko." Ta ce to, ta gyara gammonta ta juya. Bayan mako guda na hau motar kasuwa da akwatina. Ban yi mata sallama ba, ban kuma gaya wa wanda ya gaje ni komai a kanta ba.

Shekara goma sha ɗaya ban waiwayi garin ba. Na yi aure, na haihu, na yi tumbi. A shekarar da sojoji suka sake dawowa aka aike ni Mayahi tsaron jarrabawa, da muka gama na samu mota mai zuwa arewa. Na gaya wa kaina lakwal zan gano. An ƙara kalas biyu na siminti, kantin na nan. Maryamu ce har lokacin a rumfa, ta tsufa, ta gane ni tun daga nesa. Muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambayi Inna Zuhura.

"Ta rasu bayan kaka," in ji Maryamu. "Kwana biyu ban ga hayaƙi a gidanta ba, na leƙa."

Ta ce in zo in gani. Ɗakin na nan, ba mai so. Ta tura ƙyauren, muka shiga. Gadon kara, tulu, muciya a jingine an wanke ta fes. Sai na ɗaga kai. Damman karan dafi ne a rataye a jikin azara, jere, kowane an naɗe shi da tsumma saboda ƙura. Na can ciki sun yi baƙi, gara ta fara ci, na bakin ƙofa jansa na nan. Maryamu ta ce kowace shekara takan sayar wa dukawa saura ta ci abinci, amma sai ta ware mafi kyau ta rataye, wai na yara ne. Na ƙirga, goma sha ɗaya.

Ta ce duk ranar da aka koma lakwal, Zuhura kan yi wanka tun da safe, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta zauna bakin ƙofa da muciya a kan cinya har azahar. Diraktoci huɗu aka yi bayana. Maganar maita ma ta mutu, yaran sun girma, wasu sun aurar. Maryamu da kanta ta sha ce mata ta zo su je wurin sabon diraktar, ba wanda ya tuna da wata doka, ko taya ta tace kunu ta riƙa yi. Sai Zuhura ta ce a'a, ba ta son ta ja wa Mushe magana, ya ce shi zai aiko.

Muka fito. Rana ta take, yara na layi da kwanoni a cikin danga, ba mai duba hannun kowa. Maryamu ta tsaya riƙe da ƙyauren, ta dube ni. Ba da gatse ta yi tambayar ba, so take ta sani.

"Mushe, da gaske ka ce mata za ka aiko?"

Na ce, "Na ce."

"To, ta jira," in ji Maryamu, ta ja ƙyauren ta rufe.